Fom ɗin da Yaya bai ƙarasa cikewa ba

Bayan rasuwar mahaifiyarmu, ranar da muka zo kwashe kayan ɗakinta, na ci karo da wata ambulan a can ƙasan akwatinta, an naɗe ta cikin leda har ninki biyu. Na zaci takardar asibiti ce. Da na warware sai ga fom ɗin neman shiga jami'a, da sunan Yayana a layin farko, da ranar haihuwarsa, da sunan sakandaren da ya gama. Rubutunsa ne, dogo mai karkata dama, wanda nake kwaikwayo tun ina firamare. Shafin farko ya cike shi tsaf. A shafi na biyu, inda ake tambayar sana'ar mahaifi da abin da yake samu a shekara, nan biro ya tsaya. Ɗigon tawada guda ne kawai a gurbin, alamar an ɗora bakin biro an ɗage.

A lokacin na kusa shekara 20 ina koyarwa a jami'a, kuma tun farko abin da nake bincike a kai ke nan: wa ke shiga jami'a, wa ke tsayawa a waje, kuma me ya sa. Na rubuta maƙalu, na tsaya gaban taruka na yi ta nuna alƙaluma. Amma ban taɓa sanin cewa Yaya ya sayi fom ba. Abin da muka taso muna ji a gida shi ne, shi dai ba ya son dogon karatu.

Shekara uku ya ba ni. Ya fi ni ƙwaƙwalwa, ba kuma don kara nake faɗa ba, sakamakon jarrabawarmu yana nan, duk wanda ya jera su zai gani. Shi ya koya mini lissafi da gawayi a jikin bango. Mahaifinmu aikin ƙarfi yake yi, ranar da aka samu a ci, ranar da ba a samu ba a yi haƙuri, kuma a shekarar da Yaya ya gama sakandare ciwon ƙirji ya fara kwantar da shi. Sai kawai muka ga Yaya ya bi wani mai aikin lantarki yana riƙe masa tsani. Ba wanda ya tambaye shi, shi ma bai ce komai ba.

Ni kuwa Allah ya haɗa ni da wani malamin kimiyya a ajin ƙarshe. Wata rana bayan an tashi ya tsayar da ni, ya zaro fom daga cikin rajistarsa, ya ce, "Zauna nan, yau ba ka tafiya sai mun gama wannan." Ya karanta mini kowane layi, ya faɗa mini abin da ake nufi, ya nuna mini wuraren da ake iya tsallakewa. Ba mu kai awa ɗaya ba. Da sunana ya fito, mutane suka yi ta cewa zakaran da Allah ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi. Na yarda da ƙaddara, amma na daɗe ina jin nauyin wannan karin magana, domin tana yaba zakaran da ya yi cara ne, ba ta tambayar yawan waɗanda shaho ya kwashe.

Watannina na farko a jami'a, karatun bai ba ni wahala kamar yadda zaman ya ba ni ba. Sai da na yi makonni ina wuce ƙofar ɗakin karatu ban shiga ba, don na ɗauka sai an biya. Ban san ɗalibi na iya ƙwanƙwasa ofishin malami ya ce bai gane lacca ba. A tunanina wannan rashin kunya ne. Wanda muke kwana ɗaki ɗaya da shi bai ji daɗin fannin da aka ba shi ba, sai ya kira ƙanin mahaifinsa, aka faɗa masa takardar da zai rubuta da ofishin da zai kai ta, kafin mako biyu an sauya masa. Ba cuwa-cuwa ya yi ba, ƙa'ida ta yarda. Ni dai ban san ƙa'idar tana nan ba.

A shekarata ta uku aka ba mu aikin Pierre Bourdieu da Jean-Claude Passeron mu karanta, binciken da suka fitar a 1964 kan ɗaliban jami'o'in Faransa. Hujjarsu ita ce, makaranta tana saka wa yaro da maki a kan abubuwan da ba ita ta koya masa ba, irin su salon magana da sabo da littafi da sanin yadda ake tunkarar manya ba tare da rawar murya ba. Ɗan masu ilimi daga gida yake zuwa da su, sai makaranta ta kira su hazaƙa. Daga baya na ji cewa shi kansa Bourdieu ɗan ma'aikacin gidan waya ne daga karkara. A daren nan ban yi barci sosai ba. Abin da na shekara biyu ina ɗauka gazawata ce, ashe yana da suna, har wasu sun auna shi tun ba a haife ni ba. Daga nan na san abin da zan yi da rayuwata, ko da yake ban san ana biyan mutum albashi a kai ba.

Digirina na biyu ba abin a zo a gani ba ne. Na tara bayanan waɗanda suka nemi gurbi, na raba su gida biyu, waɗanda aka ɗauka da waɗanda aka bari, na nuna cewa ƴaƴan masu hali sun fi samu. Gaskiya ne, amma ko mai gadin tsangaya ya san haka.

A digirin digirgir ne malamar da ke duba aikina ta karkato da ni. Mace ce mai ƙarancin magana, jan bironta ya fi bakinta kaifi. Na kai mata babin farko, ta juya shafuka, ta cire tabarau ta ce, "Kana ta ƙirga waɗanda suka zo bakin ƙofa aka mayar da su. Waɗanda ba su zo ba fa, a wace rajista za ka same su?" Na yi shiru. Ta ce in je in karanta Raymond Boudon in dawo.

Abin da Boudon ya kawo a 1973 mai sauƙi ne, amma ya sauya mini komai. Ya ce talauci sau biyu yake cizon ɗalibi. Na farko a sakamako: yaron da ya taso ba littafi, ba wutar karatu, a aji mai cunkoso, makinsa zai yi ƙasa. Na biyu a zaɓi: ko da yara biyu sun sami maki iri ɗaya, ɗan mai hali zai wuce gaba, ɗan talaka zai fi saurin tsayawa, ko ya zaɓi hanya gajera. Wannan cizo na biyu ba ya barin tabo a takarda. Jami'a ba ta kori kowa ba, hukumar jarrabawa ba ta kayar da kowa ba. Yaro ne kawai bai turo fom ba.

Saboda haka na bar ofis na shiga makarantu. Na nemi sunayen waɗanda suka yi fice a ajin ƙarshe, na bi sawunsu bayan shekara ɗaya ko biyu. Aikin gajiya ne. Lambar waya ta mutu, an tashi daga gidan haya, wani ya zaci daga hukuma nake ya ƙi fitowa. Akwai wani saurayi da ba na mantawa. Shi ya yi na ɗaya a makarantarsu. Na same shi yana loda kaya a mota, ya nemi izinin minti goma, muka zauna a kan buhu, na kunna rikoda. Na tambaye shi me ya hana shi neman jami'a, ina jiran ya ce kuɗi. Ya goge gumi ya ce, "Malam, kuɗin shekarar farko da an haɗa. To idan na shiga na faɗi a ta biyu fa? Da wane ido zan kalli waɗanda suka sayar da abinsu?"

Na sha maimaita wannan magana a aji. Ba tsoro ne na banza ba, lissafi ne, kuma daidai yake. Ɗan likita idan ya faɗi, zai maimaita, ko a sauya masa makaranta. A wurinsa ƙin zuwa jami'a shi ne faɗuwa, domin zai sauka ƙasa da inda iyayensa suke. Ɗan lebura kuwa idan ya faɗi, ya tafi da jarin gida gaba ɗaya, ga shekarun da da ya yi yana kawo wani abu. Ƙofa ɗaya ce, amma abin da kowa ya ajiye a matsayin jingina kafin ya shiga ba ɗaya ba ne.

Na daɗe ina ganin maganin abin shi ne a ƙara gurabe. A gina jami'o'i, a faɗaɗa, kowa ya samu. Kuma an faɗaɗa ɗin. Alƙaluman UNESCO sun nuna ɗaliban manyan makarantu a duniya sun tashi daga kusan miliyan 100 a shekarar 2000 zuwa kusan miliyan 235 a cikin shekara 20, wato daga kashi 19 cikin 100 na masu shekarun shiga zuwa kashi 40, duk da cewa ƙasashen Afirka da ke kudu da Sahara ba su wuce wajen kashi 9 ba. Sai dai tun 1993 Yossi Shavit da Hans-Peter Blossfeld suka haɗa binciken ƙasashe 13, suka tarar cewa duk da bunƙasar makarantu, tazarar da ke tsakanin ƴaƴan masu hali da na talakawa ba ta ragu ba sai a Suwidin da Holan. An yi musu raddi daga baya da sababbin bayanai daga Turai, muhawarar kuma ba ta mutu ba. A 1993 ɗin dai Adrian Raftery da Michael Hout suka duba Ayaland suka bayyana yadda abin ke aiki: sabon gurbi idan ya fito, waɗanda suka fi shiri su ke fara ɗauka, sai sun ƙoshi kafin ya gangaro. Samuel Lucas ya ƙara a 2001 cewa ko an ƙoshi ɗin, fafatawar ba ta ƙarewa, wuri take sauyawa. Idan kowa na shiga jami'a, sai tambayar ta koma wace jami'a, wane fanni. A Amurka, binciken Raj Chetty da abokan aikinsa na 2017 ya nuna cewa yaron da iyayensa ke cikin kashi 1 mafi arziki ya ninka ɗan kashi 20 na ƙasa har sau 77 wajen damar shiga jami'o'in da suka fi kowa suna, irin su Harvard.

Wannan ilimi yana iya kashe wa mutum gwiwa, ya kuma kashe mini na wasu shekaru. Na koma irin malamin da ke shiga aji ya bayyana yadda komai ya lalace, cikin tsari mai kyau, ya tattara takardunsa ya fita. Akwai daɗi a cikin hakan, ban ɓoye ba. Wanda ya ce ba abin da zai gyaru ba ya taɓa jin kunya.

Gwaje-gwaje guda biyu suka dawo da ni, dukansu daga Amurka. A ɗaya, wanda aka buga a 2012, iyalai masu ƙaramin ƙarfi da suka je kamfanin H&R Block don a cike musu takardun haraji an raba su: wasu an ba su bayani kawai kan tallafin karatu, wasu kuma an zauna da su an cike musu fom ɗin tallafin nan take. Bayani zalla bai sauya komai ba. Amma a gidajen da aka zauna da su, yaran da suka kammala shekara biyu a kwaleji sun tashi daga kashi 28 zuwa 36. A ɗayan, Susan Dynarski da abokanta sun sa Jami'ar Michigan ta aika wa haziƙan ɗalibai ƴaƴan talakawa wasiƙa da alkawarin shekara huɗu ba kuɗin makaranta idan an ɗauke su. Galibinsu dama sun cancanci wannan tallafin, wasiƙar ta mayar da "wataƙila" ta zama "tabbas" ne kawai. Masu neman shiga suka tashi daga kashi 26 zuwa 68. Da na karanta sai na tuna malamin kimiyyata da rajistarsa, na tuna kuma saurayin nan na kan buhu.

Da zafina na tara ɗalibaina, muka riƙa zuwa makarantu a ƙarshen mako muna zama da yara muna cike fom. Wasu sun shiga, wasu sun gama, ɗaya ma yanzu abokiyar aikina ce. Amma akwai yarinyar da na matsa wa. Ta ce tana tsoro, na ce kada ta damu. Ta shiga, ta ci shekarar farko da kyau, a ta biyu kuɗin ɗaki da na mota suka fi ƙarfinta, ta koma gida da bashi. Ban sani ba sai bayan watanni, domin ni na riga na sa ta a jerin nasarorina na wuce gaba. Na nemi lambarta na kira, ta gaishe ni da ladabi, ta ce ba komai. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Tun daga ranar ba na cewa yaro ya cike fom sai mun zauna mun lissafa shekara huɗu, ba ta farko kaɗai ba. Ita ce kuma ta sa na fara ɗaukar manyan matakai da muhimmanci. Burazil a 2012 ta yi doka ta ware rabin guraben jami'o'in tarayya ga waɗanda suka yi sakandare a makarantun gwamnati. Ɗaliban Afirka ta Kudu a 2015 sun rufe jami'o'i kan ƙarin kuɗin makaranta, har gwamnati ta sanar da karatu kyauta ga ƴaƴan talakawa a ƙarshen 2017. Kowanne da matsalarsa, ana kuma jayayya a kansu, amma sun taɓa wurin da biro da kyakkyawar niyya ba sa kaiwa.

Akwai abin da ba a cika faɗa ba game da wannan aiki: da talaucin wasu nake samun ƙarin girma. Hirar da na yi a kan buhu ta zama maƙala, maƙalar tana cikin mujallar da sai jami'a mai kuɗi ke iya biya a karanta, ita kuma ta shiga lissafin da aka yi aka ɗaga ni. Na zauna a kwamitin ɗaukar ɗalibai, na ɗaga hannu an ƙara makin shiga, ina sane da su wa ƙarin zai zubar, don gurabe ba su isa ba kuma ba ni da wata hanyar da zan kare a gaban abokan aiki. Sashe na 26 na sanarwar haƙƙin ɗan Adam ta 1948 ya ce ilimi mai zurfi ya zama kowa na iya samu daidai, bisa cancanta. Kalmar cancantar nan na shafe rayuwata ina tonawa, kuma da ita na yi aiki a wannan kwamiti.

Da ƴata ta kai ajin ƙarshe, na ga kaina a teburin falo da kwamfuta, ina karanta mata sharuɗɗan kowace tsangaya, ina gyara mata jimla, ina faɗa mata fannin da ya fi wane kasuwa. Ta ɗago ta ce, "Baba, wannan ba shi ne abin da kake rubutu a kai ba?" Na ce shi ne. Muka ci gaba. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, in ji mutane, kamar a jini abin yake. Ni na ga yadda ake koyar da gudun, a tebur, bayan sallar isha.

Sai da na yi wata guda da ambulan ɗin a aljihun jakata kafin na iya kai wa Yaya. Na same shi a wani gini da ake yi, yana kan tsani, filaya a baki, yana jan waya. Ya sauko ya ce, "Farfesa, yau kuma hanya ta biyo?" Haka yake kirana tun kafin in zama, don tsokana. Na miƙa masa. Ya goge hannu a wando, ya buɗe, ya daɗe yana kallo, sai ya yi dariya.

"Ashe Inna ta ajiye wannan."

Na ce, "Yaya, me ya tsayar da kai a nan?"

Ya ce bai san abin da zai rubuta ba. Baba ba shi da albashi, balle na shekara. Ya ji tsoron idan ya rubuta ƙarya a kama shi, idan ya rubuta gaskiya a ce ba zai iya biya ba. Ya yi niyyar tambayar wani malami, kunya ta hana shi, har ranar rufewa ta wuce.

Zuciyata ta buga, don abin ya zauna daram a kan duk abin da na koyar. Na fara yi masa bayanin Boudon, ya ɗaga mini hannu.

"Dakata, ƙanena. Ko da na cike, wa zai sayi maganin Baba? Kuma fom ɗin da malaminka ya zaro daga rajista, ka ɗauka daga sama ya faɗo?"

Ban taɓa tambaya ba. Shekara da shekaru ina ba ɗalibai labarin malamin kirki, ban taɓa tambayar wa ya biya ba. Yaya ne ya je ya same shi da kuɗin riƙon tsani, ya roƙe shi ya zauna da ni, don kada in tsaya a shafi na biyu.

A ƙasan shafin akwai layi ɗaya da ƙananan haruffa, na gan shi tun ranar da na buɗe ambulan ɗin. Yana cewa wannan ɓangare na masu neman tallafin karatu ne, wanda ba ya nema yana iya barinsa. Na zo da niyyar nuna masa. Ya ninke fom ɗin yadda Inna ta ninke shi, ya mayar cikin ledar, ya sa a aljihun gaba. Ya ce autansa na gama sakandare bana, zai turo mini shi ranar Asabar da takardunsa. Wani daga sama ya kira shi, ya mayar da filaya baki ya hau tsani.